Dutsen da Na Ce Su Hau

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Audu mai haƙar rijiya a Birnin Gwari, zuwa ga ɗansa Tanko, a inda yake jiran ayarin gabas a Zazzau. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da goyonta. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutanen hanya. Limamin unguwarmu ne yake rubutawa, ni ina faɗa, tunda ka san hannuna da dagi ya saba, ba da alƙalami ba.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Ranar da ka fita ban raka ka ba. Ina cikin rijiyar wani ina jin kukan jakinka har ya ɓace, na ƙi fitowa. Fushi na yi, kuma har yanzu ban huce ba, kada ka ɗauka takardar nan lallashi ce. Ka ce wa mutane hajji za ka, ban ƙaryata ka ba. Amma ni na haife ka, na san abin da ka ƙulle a zuciya. Kawunka Ɗanjuma na Gayam ya daɗe yana zuba maka magana a kunne, cewa babu wani dutse da ya ci mahaifiyarka da yayarka, wai sayar da su na yi a bakin teku. Za ka ne ka gani da idonka, ko ka sami dutsen, ko ka sami kasuwar da aka tsayar da su. To, tunda ba ka tambaye ni ba ka ɗaura kaya, zauna ka ji abin da ba ka tambaya ba.

Ka san yadda muke da dutse a ƙasar nan. Da an ji kuwwa daga gonakin Kuyello an ce ga mahara, ba a tsayawa shawara. Fulani su kaɗa shanu cikin daji, Gwarawa su saɓa kaya a kafaɗa, mu kuwa mata da yara su kama hanyar dutse, maza su biyo baya. Doki ba ya hawa, maharbi ba ya ganin wanda ya shige kogo. Mahaifiyarka Kande tana yarinya a kan dutse ta kwana ranar da aka kwashe rabin ƙauyensu, ni ma a can uwata ta ɓoye ni. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan. Ƙafa ce take sani tun kafin kai ya gama tunani, kuma da wannan ƙafar na tafi gabas.

Na bar garin nan tare da Kande da niyyar hajji, da ƙuruciya da girman kai, guzuri kaɗan, ina cewa ai ko'ina ana shan ruwa, mai dagi ba ya rasa abinci. Gaskiya ne ban rasa ba. Abin da ban lura ba shi ne, duk rijiyar da na tsaya haƙawa, ayari wucewa yake yi ya bar mu. Sai in ce wa Kande mu yi damina ɗaya a nan, mu bi na baya. Da damina ɗaya, damina ɗaya, aka haifi yayarka a Wadai, har ta yi wayo tana ɗaukar tulu kafin a haife ka a can gaba. Kai ma za a yi maka tayin aiki a hanya, za a ce ka zauna kaɗan ka tara abin tafiya. Kada ka bari ayarinka ya wuce ka, ko da za ku ci gari da ruwa har bakin teku. Mutumin da ya rabu da mutanensa ba shi da mai ce masa ka yi kuskure, sai matarsa, ita kuwa ba sauraronta zai yi ba. Ni dai ban saurara ba.

Da muka isa Musawwa a bakin Bahar Maliya, ga ruwa ga jirage, babu abin biyan masu jirgi. Wani ya ce mini can kudu akwai makiyaya, Danakil ake ce musu, suna neman mai haƙa musu rijiya, da awaki suke biya. Muka bi jirgin gishiri muka sauka a wani ɗan ƙauyen masunta. Daga nan ake hango dutsen da suke kira Dubbi. Da na gan shi sai raina ya kwanta, na ce wa Kande, “Kin ga, ko a nan Allah bai hana mu wurin gudu ba.” Da bakina na faɗi haka.

Bari in kwatanta maka shi, don ba irin namu ba ne. Namu na nan sanƙo gare su, sumul kamar ƙwarya a kife, jiki ɗaya tun daga ƙasa har sama, ka sara da dagi ya mayar maka da hannu. Wancan tsini gare shi kamar malafa, baƙi ƙirin, kuma inda kwari ya tsaga gefensa sai ka ga zane-zane a kwance, wani kan wani, kamar yadda magini yake ɗora sahun gini ya bari ya bushe ya dawo ya ɗora wani. Na ga wannan tun ranar farko. Na ce ikon Allah, na wuce.

A gindinsa na kafa bukka na fara haƙa. Kai ka sha shiga rijiya tare da ni, ka san abin da ake tararwa a nan gida. Baƙar ƙasa, jar ƙasa, marmara, laka, yashi, sai ruwa. A can kuwa da na cire 'yar ƙasar sama sai na faɗa toka, toka sosai irin ta murhu, ta daskare. Ƙarƙashinta wani farin dutse mai huji-huji, marar nauyi, yaro ma ya ɗauki babba da hannu ɗaya. Ƙarƙashinsa baƙin dutse mai tauri, da ƙuraje a jiki, kamar kashin maƙera da ake zubarwa a bayan gari inda ake narka tama. Na fasa shi da ƙyar. Sai ga 'yar ƙasa ta gaskiya, sirriya, da saiwoyi a ciki, da ƙasusuwan awaki, da duwatsun murhu uku a jere yadda mace ta ajiye su, da tsingaro. Ƙarƙashin wannan kuma sai toka, sai farin dutse, sai baƙi, sai wata ƙasar. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ka san me na yi da na ga murhun nan? Murna na yi. A wajenmu idan mai haƙa ya tarar da kufai, ya san mutane sun taɓa zama, inda aka zauna kuwa ruwa yana kusa. Na fito ina dariya na nuna wa Kande tsingaron. Ban tambayi kaina ba, wace irin mace ce take tashi ta bar murhu a jere da tukunya a kai, kuma wa ya zubo mata tokar da ta fi tsawon mutum.

Akwai wani tsohon makiyayi da yake zuwa ya tsuguna a bakin ramin. Da ɗan Larabcinsa da ɗan nawa muke fahimtar juna. Ya ɗauki tokar ya murza, ya nuna kan dutsen da sandarsa, ya ce, “Takari, wannan daga can ta zo.” Takari suke ce wa duk mutumin ƙasashenmu.

Na ce, “Wa ya hura wuta a can, baba?”

Ya ce, “Shi da kansa. Kakana ya ji daga kakansa. Barci yake yi.”

Na yi masa dariyar da ake yi wa tsoho. A raina na ce mutanen da ba su san noma ba, me suka sani game da ƙasa. Tanko, idan ka sauka a ƙasar da ba taka ba, kafin ka tambayi kasuwa, nemi tsohon da ya fi kowa tsufa ka tambaye shi abin da ke kashe mutane a wurin. In ya gaya maka abin da bai shiga hankalinka ba, riƙe shi da hannu biyu. Hankalinka a Birnin Gwari aka gina shi, bai san komai ba sai dawa da daji da mahara.

Da ruwa ya fito, da ɗumi ya fito, yana warin bara-gurbi, ga farar wuta tana taruwa a bakin duwatsu. Kande ta ɗebo ta sansana ta ce, “Maigida, ruwan nan ba na sha ba ne. Kuma in na kwanta ina jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tabarma.”

Na ce, “Gajiya ce.”

Ta ce, “To awaki ma gajiyar ce ta hana su kwanciya?”

Na ce mata ta bar ni in gama aikina, saura rijiya ɗaya mu sami abin jirgi. Ta ɗauki tulunta ta koma bukka. Mahaifiyarka ba mai dogon musu ba ce, kuma na daɗe ina jin daɗin wannan halin nata kafin in gane abin da ya jawo mata.

A kwanakin ne aka yaye ka. Ka san al'ada, ana kai yaro wurin kaka ya manta nono. Mu ba mu da kaka a can, sai wata tsohuwa Babarbariya, Iya Falmata, wadda hanyar hajji ta ajiye a ƙauyen masunta tana gyaran kifi. Wurinta muka kai ka. Wannan ne kaɗai dalilin da ya sa kake da rai har ka girma kana zargina.

Da hantsi abin ya faru. Ƙasa ta girgiza har tulu ya faɗi, sai ƙara, dum, dum, wata bayan wata. Na taɓa jin igwar Turkawa a Musawwa, sai na ce shi ke nan, jiragen yaƙi sun zo, hari ne daga teku. Kan dutsen a rufe yake da wani hazo tun safe, ba a ganin komai. Na ga Danakil suna kaɗa awaki suna gudu wajen ruwa, na ce dubi wawaye, suna gudu cikin bakin bindiga.

Kande ta riƙe hannuna ta ce, “Maigida, ƙarar nan daga sama take zuwa, ba daga teku ba.”

Na ce, “Amsa-kuwwa ce. Kin manta yadda dutsen gida yake mayar da ganga? Ku hau. Ku bi kwarin nan ku sami kogo. Zan ɗauko yaro in biyo ku.”

Yayarka ta ce, “Baba, in ɗauki ɗan akuyana?”

Na ce, “Ke, ɗauka ki wuce.”

Suka hau. Kande ce a gaba, don ita ma ƙafarta ta san hanyar dutse. Na juya na sheƙa wajen teku. Na yi nisa lokacin da iska ta yaye hazon, na waiga. Tanko, kan dutsen ne ya buɗe. Wani baƙin hayaƙi ya miƙe sama kamar bishiyar kuka, ya yi rassa, walƙiya tana wasa a cikinsa ba hadari ba ruwa. Ina hango su, ƙanana, a tsakiyar kwarin. Na kwarara ihu, “Kande! Kande! Ku sauko!” Na buɗe baki in kira yarinyar, sai na ji ina cewa, “Ke! Ke yarinya!” 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba tun ranar suna, kamar yadda kowane uba mai kunya yake yi a garinmu. Ko a ranar nan bakina bai san hanyar sunan ba. Ban ce da na kira da ta ji ba, nisan ya yi yawa. Amma abin da na kira ta da shi na ƙarshe ke nan.

Sai wani abu ya gangaro ta kwarin, ba wuta ba, ba ruwa ba, toka ce mai zafi tana gudu fiye da doki, ta cika kwarin baki da baki. Daga nan rana ta ɓace. Da tsakar rana mutum bai ganin tafin hannunsa. Fararen duwatsun nan marasa nauyi suna zubowa kamar ƙanƙara, da zafinsu. Da rarrafe na isa ƙauyen masunta, na same ka a ƙarƙashin kwale-kwale a kife, Iya Falmata ta rufe maka hanci da zanenta. Da gari ya yi haske bayan kwanaki, teku kanta ta rufe da farin dutse yana yawo a kai, jirgi yana ture shi da ƙyar. Daga baya kuma dutse narkakke ya riƙa malalowa daga gefen, ja kamar tama a cikin wuta, yana tafiya a hankali wata da watanni, yana sanyi yana zama irin baƙin nan da na sha wahalar fasawa.

Na koma da dagina. Babu kwari, babu bukka, babu rijiyar da na haƙa. Fili ne fari fat, yana hayaƙi, ƙafa ba ta iya taka shi. A nan na tsaya na gane abin da hannuna ya yi ta gaya mini ina cikin rami. Kowane sahu da na fasa, rana ce irin wannan. Dutsen da kansa ya gina kansa, toka da dutse, toka da dutse, in ya huta ciyawa ta tsiro, mutane su manta su dawo su kafa murhu, sai ya tashi ya ɗora wani sahun. Mahaifiyarka da yayarka suna cikin sahun sama. Wata rana ƙasa za ta kwanta a kansu, wani wawa irina zai zo da dagi, ya tono munduwar Birnin Gwari, ya yi murna ya ce ruwa ya kusa.

To ka ji kabarin da kake nema. Ba shi da kai ba shi da ƙafa, ba inda za ka tsuguna ka ce nan ne.

Akwai wani abin da na yi wanda har gobe yake cina. Masu jirgi sun ji tausayin waɗanda suka tsira, suka ce za su haye da mu ba ko anini. Abin da na bar gida dominsa, abin da na ajiye iyalina a gindin wuta dominsa, ga shi an miƙo mini kyauta. Na tsaya a bakin ruwa kana kan kafaɗata, na ce ba zan je ba. Zuciyata ta yi baƙi, astagfirullah, fushi nake da Wanda ba a fushi da Shi. Na juya yamma. Kai kada ka yi haka. Ko me ya same ka a hanya, in ka ga ruwan nan ka haye. Baƙin ciki ba ya raguwa don mutum ya ƙara wa kansa wata asarar, ni na gwada.

Da na shigo garin nan bayan shekaru, ba mata, ba 'ya, ba hajji, na zauna a zauren kakanka na wajen uwa na faɗi abin da ya faru kamar yadda na faɗa maka yanzu. Ɗanjuma ya bari na gama, ya ce, “Audu, dutse? Dutsen da muke hawa mu tsira? Da ka ce mana zaki ne ko zazzaɓi, da mun yi maka ta'aziyya. Gaya mana dai wa ka sayar wa.” Na ciro ɗan farin dutsen da na taho da shi, na jefa a ƙwaryar ruwa, ya tsaya a sama. Suka ja da baya suka ce har da sihiri ya koyo. Daga ranar yara suke bina suna cewa ga mai dutsen wuta. Waɗanda suke shan ruwan rijiyoyin da na haƙa musu su ne suke kauda kai in na wuce. Ban yafe wa Ɗanjuma ba, Liman yana hararata, amma rubuta haka, ban yafe ba. Sai dai ko ni ne aka zo wa da labarin, ina zaune a gindin dutsen gida, ban san me zan ce ba.

Inda na yi wauta shi ne da na rufe bakina a kanka. Na ce tunda manya sun ƙaryata ni, ba zan ƙara faɗa wa kowa ba, har da kai. In ka tambaya sai in daka maka tsawa in miƙa maka guga. Na bar ka kana tsintar labarin uwarka a bakin wanda ya tsane ni. Goyon da ke bayan matarka, in ya girma ya tambaye ka abu mai ciwo, zaunar da shi ka gaya masa da kanka, tun kafin wani ya riga ka.

Ɗan dutsen yana cikin ƙullin da ke tare da takardar nan. Jefa shi a ruwa ka gani. In ka isa Musawwa nuna wa tsofaffin masu jirgi, ka tambaye su shekarar da rana ta ɓace, ba sai ka ambaci sunana ba. Abin da suka gaya maka ya ishe ka. Kada ka sauka kudu, kada ka kai matarka da ɗanka gindin dutsen nan don ka wanke ni ko ka kama ni. Na gwammace ka dawo kana zargina da a ce ka gaskata ni a can. Kuma a duk inda kuka sauka, in ka ga dutse mai tsini da zane a gefensa, in ruwan rijiya ya zo da ɗumi da wari, in dabbobi suka ƙi kwanciya, tashi ku bar wurin ko tukunya tana kan wuta. In an yi gudu, dubi inda 'yan ƙasa suka nufa ka bi su, kada ka bi ƙafarka. In matarka ta ce maka ƙara daga sama take zuwa, tsaya ka saurara.

Saura abu ɗaya. Ka sha tambayata sunan yayarka, ina ce maka yayarka ce, ya isa. A hanya aka raɗa mata suna, malamin da ya raɗa ya daɗe da mutuwa, Kande ta tafi da shi, ba wanda ya sani a duniya sai ni. In na mutu ya mutu. Ba a yi mata sallah ba, ba a taɓa yi mata addu'a da sunanta ba. Liman ya ɗaga alƙalami yana jirana, na ce ya ba ni ruwa tukuna, na sha, ya ci gaba da jira.

Saratu. Sunanta Saratu.

In Allah ya kai ka Arfa, ka tsaya inda ban tsaya ba, ka roƙa wa Kande gafara, sannan ka kira sunan nan da ƙarfi yadda na kusa da kai za su ji. Ni ban iya ba a ranar da take da kunnen ji.

Na sa maka albarkar da na hana ka ranar da ka fita. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ku a daji da rairayi da ruwa, ya haɗa ku da mutanen kirki, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In ka dawo ka tarar da ni, alhamdu lillahi. In ba ka tarar ba, dagina yana bayan rumbu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Audu